Hannun Hagun Sarakunan Tsangaru

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za a tattara mu. Goggo ta riga mu. Ta cika ranar Talata da hantsi a asibiti a Camberwell, ba a yi mata sutura ba sai Alhamis, don a ƙasar nan ko gawa sai ta jira takarda.

A flat ɗin ɗanta likita aka yi zaman makoki, hawa na uku. Takalma suka cika bakin ƙofa har suka gangaro matakala, maƙwabta na tsallakewa, ba wanda ya yi ƙorafi. Kowa ya shigo da Goggon da ya sani. Matan ɗalibai suna ba da labarin yadda ta yi musu wankan jego a bahon Turawa, da busasshen ganyen darbejiya da ake aiko mata daga gida. Wata tsohuwa 'yar Jamaica da ke hawa na biyu, wadda suka shekara goma sha biyar suna hira ba mai jin yaren wata, ta kawo burodin da ta gasa, ta zauna ta yi kukanta ta sauka. Matar likita ta tuna ranar da turaren wutar Goggo ya tayar da ƙararrawar gobara, mutumin hukumar unguwa ya zo yin faɗa, ya koma da ƙullin turare na kai wa matarsa. Aka yi dariya ana share ido.

Can sai ga ɗan'uwanmu na Kumasi, wanda ke aikin fawa a wani shago a Old Kent Road. Ya shigo da rago a yanke a kafaɗa, ya kai kicin, ya dawo ya tsuguna gaban likita.

"Mma ya tafi ya bar mu," in ji shi, da irin Hausarsu ta zango.

Ya bi kowa ya gaisar. Ni ma ya ba ni hannu ya ce, "Yaya, ya haƙuri?" Shekara shida ke nan gaisuwa kaɗai ke shiga tsakanina da shi. Dalilin hakan ne ya sa na ɗauki alƙalami, ni da karatuna bai wuce elementare ba.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "Babana" take cewa. Wannan mahaifi nata, wato kakana, shi ne sarki na goma sha uku a Tsangaru, kuma na ƙarshe.

Wanda bai san Tsangaru ba bai yi laifi ba. Gari ne a gindin tsauni da 'yan ƙauyukansa, mai jaki zai ratsa ƙasar daga safe zuwa la'asar. Amma da sarkinmu muke, da tambarinmu, manyan sarakunan da ke kewaye sun sha gwada mu tsaunin ya hana su. Daga baya Turawa suka mayar da mu ƙarƙashin babbar masarautar da ke maƙwabtaka da mu, sarki ya koma hakimi, aka ɗauke tambari. Zuwana na ƙarshe na tarar ana ajiye takin zamani a zauren fada. In na yi wa Goggo tsiya na ce ai sarautar tamu ba ta fi unguwar Peckham girma ba, sai ta ce, "Tukunya komai ƙanƙantarta, duwatsu uku take hawa."

A Tsangaru ba maroƙa ke riƙe tarihin sarakuna ba. Mace ce daga cikin gidan, ana ce mata Magajiya, Goggo kuma ita ce ta ƙarshe. Kashegarin babbar Sallah Magajiya kan zauna a tabarma ta yi abin da muke kira Ƙirga. Ta ɗora hannuwanta a gwiwa. In ta ambaci sarki sai ta buɗe tafin dama ta faɗi alherinsa, sa'an nan ta buɗe na hagu ta faɗi ɓarnarsa. Ba a tsallake kowa, ko da sarki mai ci yana zaune yana jin na ubansa. "Sarki hannu biyu gare shi," in ji Goggo. "Wanda ya faɗe shi da hannu ɗaya ya nakasa shi."

Har yanzu ina jin muryarta. Mai Rijiya, dama, ya haƙa rijiyar da gari ya zauna a kanta. Hagu, ya kori maharban da ya tarar a wurin. Gajere, dama, ya ja ganuwa. Hagu, ya sa mata masu ciki ɗaukar ƙasa. Makaho, dama, bai taɓa yanke shari'a don kyan riga ba; hagu, fadawa suka cinye gari yana zaune. Akwai Mai Kwana Arba'in, wanda jikokinta suka fi so: dama, bai daɗe har ya cuci kowa ba, hagu, bai daɗe har ya amfani kowa ba.

Farkon shekarun tamanin ta zo London renon 'ya'yan likita, da niyyar wata shida. Ni na riga ta zuwa, direba a wani ofishin gwamnatinmu, da aikin ya ƙare na koma tuƙin tasi. Duk Asabar ni ke kai ta cefane. Ba ta koyi Turanci ba sai kalma biyar ko shida, amma ba mai shagon da ya taɓa sayar mata da ruɓaɓɓiyar kuɓewa. Tana shuka yakuwa a bokitai a baranda, tana yi mata faɗa in ta ƙi girma. Tana gaida direban bas da "sannu da aiki", in bai amsa ba ta ce Allah ya shirye shi.

Wata Asabar na kai ta shagon nama a Old Kent Road. Na fi shekara ina sayayya a wurin mahaucin nan na Kumasi, ban taɓa duban fuskarsa ba, naman nake duba. Goggo tana shiga ta tsaya. A gefen idonsa na hagu akwai tsaga uku gajeru, ta tsakiya ta fi tsawo. Irin tawa ce, irin ta gidan sarautar Tsangaru.

"Yaro, wa ya yi maka askar nan?"

"Kakana ne ya sa, Mma. A Kumasi."

"Daga ina kakan naka ya je Kumasi?"

Ya yi 'yar dariyar jin kunya. "Shi dai yana cewa shi sarki ne. Kan shi ba daidai ba, Mma. Yara na bin shi suna ce mashi Sarki-ba-gari. Kilo nawa za a sa?"

"Wane gari yake faɗa?"

"Tsangaru ne ko mene."

Goggo ta miƙa hannu ta saman teburin ta kama nasa, da jinin naman da komai.

"Kakanka da hankalinsa garau. Rufe shagon nan ka zo ka ci tuwo."

"Mma, shagon ba nawa ba ne."

Ranar Lahadi ya zo. Goggo ta shimfiɗa tabarma ta yi masa Ƙirga tun daga Mai Rijiya, ko da yake ba lokacinta ba ne. Ta iso kan sarki na goma sha biyu, wan mahaifinta, wanda take kira Baba Babba. Ta buɗe dama ta ce: lokacin yaƙin Turawa aka nemi samarin gari a kai su haƙar kuza dole, ya ɓoye su a kogon tsauni, ya ce wa Bature gari ba samari, aka rubuta ya haukace, aka tuɓe shi, ya bi hanyar fataken goro bai dawo ba, ba hauka ba ne. Ta buɗe hagu ta ce: zuciya gare shi, ya taɓa fasa tambarin gari da sanda don makaɗi ya makara.

Sai ta zo kan mahaifinta. Dama: shekarar fari ya buɗe rumbunan fada, ya ci abin da talaka ya ci. Hagu: shi ya nuna wa Bature hanyar kogo, shi ya shaida cewa wansa ya haukace, ya karɓi rawani, samarin da aka kwasa da yawa ba su dawo ba, a hannunsa sarauta ta ƙare. Muryarta ba ta canza ba, kamar dai tana faɗin na Gajere.

Ɗan'uwanmu ya saurara har ta gama. Daga baya ya ba mu labarin abin da kalmar nan ta hauka ta yi musu a zango. An taɓa fasa auren yayarsa, dangin miji suka ce jinin hauka ne. Mahaifinsa ya tsufa yana sunkuyar da kai duk sanda aka ambaci ubansa. Shi kansa yana da 'ya'ya mata biyu a nan London, bai taɓa gaya musu komai game da kakan ba.

"Mma, ni na ji," in ji shi. "Amma a zango ba za su yarda da bakina ba. Da ma tsohona ya ji muryarki kafin ya mutu."

Daga nan maganar kaset ta taso. Ni ke da rakoda mai baki biyu, aka ɗora mini aikin. Aka ce a ɗauki Ƙirga, a saka ta a taron Sallah na 'yan Tsangaru mazauna Ingila, a yi kwafi a aika gida, a aika Kumasi. Goggo ta sa sabon lulluɓi, ko da yake na gaya mata murya kaɗai rakoda ke ɗauka. Ta ce ba don rakoda ta sa ba.

A nan ne zan faɗi nawa. Lokacin ana ta ƙirƙiro sababbin jihohi a gida, ana raɗe-raɗin za a mayar wa ƙananan sarautu martabarsu. Wasu suka rubuto mini cewa in abin ya tabbata, gidanmu za a duba, kuma ga ni mai sunan sarki. Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, yana jiran fasinja a bakin tashar jirgi cikin ruwan sama, aka ce masa rawani. Na riƙa duba kaina a madubin mota. Na ga in kaset ɗin nan ya isa gida yadda yake, jikokin samarin da ba su dawo ba za su ji shi, su ma suna da bakin magana.

Wata ranar Laraba bayan azahar, iyalina ba sa nan, na zauna da rakoda. Ina kwafa, da aka zo hannun daman Baba Babba na danna na tsayar, na bari ya wuce. Na yi haka don duk wanda ya ji an ɓoye samari zai tambayi wa ya tona. Da aka zo hannun hagun kakana na sake dannawa. Sa'an nan na ɗauki kaset na asali na naɗi wa'azi a kansa, don in ji kamar ba ɓarna na yi ba.

A wani zauren haya a Plumstead aka yi taron. Ɗan'uwanmu ya zo da matarsa da 'ya'yansa biyu cikin sababbin kaya, ya gayyato abokansa na zango, ya zaunar da su a layin gaba. Aka kunna. Goggo na gefena, tana bin muryarta da hannuwa a kan gwiwa kamar yadda ta saba. Aka ambaci sarki na goma sha biyu, ta buɗe dama. Sai aka ji ƙas, muryar ta ce: zuciya gare shi, ya taɓa fasa tambarin gari da sanda don makaɗi ya makara. Shi ke nan abin da aka ji game da shi. Wani a baya ya yi dariya. Aka zo kan kakana, aka ji rumbuna da shekarar fari, mutane suka yi kabbara. Goggo ta buɗe hagu. Aka sake jin ƙas, kaset ya wuce kan addu'a. Hannun nata ya zauna a buɗe har aka shafa fatiha.

Ɗan'uwanmu ya tashi ya kama 'ya'yansa suka fita. Bai ɗauki kwafin da aka ware masa ba. Ashe ni da na ce zan rufa wa kakana asiri, sai na tabbatar wa duniya da haukar nasa kakan, da muryar Goggo.

Goggo ta tashi muka fita. Da muka shiga mota ta zauna a baya, ita da kullum gaba take zama.

"Direba, kai ni gida."

Daga ranar ban sake jin "Babana" ba. In na je sai ta ce wa matar likita, "Direba ya zo, a ba shi ruwa." Jikokinta suka ɗauka sabuwar tsokana ce, su ma suka kama. Amma ba ta yanke ni ba. Tuwona na nan a kwano duk Asabar. Da aka yi wa matata aikin tiyata, ita ta tare a gidanmu wata biyu, tana dama mata kunu, tana ce mini, "Direba, matsa, ka tare mini haske."

Sau ɗaya muka yi maganar, a kicin, tana gyaran yakuwa.

"Goggo, mahaifinki ne fa. Rufin asiri ai addini ne."

"Ni kake gaya wa mahaifina ne? Ka rufa wa mamaci, ka yaye wa mai rai."

"To ki sake, in ɗauka."

"Bakina ya faɗa. Wanda ya yanke shi zai ɗinke."

"Ko ki faɗa a taron baɗi."

Ta ajiye ganyen ta dube ni. "In na faɗa a taro za a ce wa ya yanke. Ɗan wana ne ya yanke. Ka ga inda ka ajiye ni?"

Na ce zan gyara. Na yi ta cewa bayan Sallah, bayan an ji yadda maganar sarauta ta ƙare. Maganar sarauta ba ta kai ko'ina ba, ko amsar takardar roƙon da muka aika ba a ba mu ba. Ana cikin haka mahaifin ɗan'uwanmu ya rasu a Kumasi, bai ji muryar Goggo ba. Na je ta'aziyya, na yi addu'a mai tsawo, na fito. Shi kuwa bai fasa kawo mata ƙashin miya duk Juma'a ba, sai dai ya daina zuwa taro.

Kwana huɗu kafin ta cika na je asibiti da la'asar. Ta rame ƙwarai, amma idon nan na nan. Ta sa matar likita ta fita neman ruwan zafi.

"Direba, ka san wa ke kai wa samarin nan fura a kogo?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ce. Baba Babba ya zaɓe ni don ba na surutu. Ran nan Baba ya kira ni ya ce, ina kike zuwa da ƙwarya kullum? Ubana ne ya tambaye ni. Na faɗa masa." Ta ja numfashi. "Shekara da shekaru ina buɗe hannun nan. Kana tsammani don in tozarta shi nake yi? Har da ni a ciki. In an goge nasa, an goge nawa, ni kuma ban gama neman gafara ba."

Na ce, "Goggo, wallahi da kin fito zan tara mutane."

"Allah ya kai mu," in ji ta. Ta juya fuska wajen taga.

Ranar sadakar uku flat ɗin ya fi cika. An gama addu'a ana raba waina, sai babbar 'yar likita, wadda ke jami'a, ta ce da Turanci tana so ta ji muryar kakarta. Wani ya ce ai akwai kaset. Aka ɗauko, aka kunna. Mai Rijiya ya wuce, Gajere ya wuce, aka yi murmushi a kan Mai Kwana Arba'in. Na ga ɗan'uwanmu na Kumasi ya fara neman hularsa.

Da aka ambaci sarki na goma sha biyu na miƙa hannu na kashe rakodar. Likita ya ce, "Yaya, lafiya?"

Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa. Na ce, "Akwai abin da Goggo ta faɗa a nan, ni na yanke shi da hannuna, don ina kwaɗayin rawani." Na ɗora hannuwa a gwiwa. A Tsangaru namiji bai taɓa yin Ƙirga ba, amma ba sauran Magajiya. Na buɗe dama na faɗi na Baba Babba, har zuwa "ba hauka ba ne". Na faɗi hagunsa. Na faɗi daman kakana. Sa'an nan na buɗe hagu na faɗi na mutumin da nake ɗauke da sunansa, ban rage ko kalma ba.

Wani dattijo daga cikinmu, wanda wan mahaifinsa na cikin samarin da ba su dawo ba, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ɗan'uwanmu yana tsaye da hula a hannu. Na jira ya zage ni, ko ya ce ya yafe. Bai yi ko ɗaya ba.

"Yaya, ka sake," in ji shi. "'Ya'yana suna kicin, ba su ji ba."

Aka kira su suka fito da hannu duk kumfar sabulu. Na sake daga farko.

Saura na Goggo. Masu ta'aziyya sun faɗi damanta sun kuma faɗa, ba ƙarya ko ɗaya a ciki: ta raini 'ya'yan da ba nata ba, ta gane ɗan'uwa a bayan teburin nama, ta riƙe sarakuna goma sha uku a ka a hawa na uku a Camberwell. Amma ba za ta yarda in bar ta da hannu ɗaya ba. Hagu: ita ta faɗi hanyar kogo. Kuma ta yi shiru shekara shida don ta rufa wa ɗan wanta asiri, har wani tsoho ya mutu a Kumasi yana zaton ubansa mahaukaci ne. Na farkon ita ta gaya mini. Na biyun ni na jawo mata shi.

Ya Allah, Kai da ka san abin da ke cikin hannuwa biyu tun ba a buɗe su ba, ka nauyaya damanta, ka yafe mata hagunta, ka haɗa ta da Baba da Baba Babba a inda ba sauran shaida a kan ɗan'uwa. Wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a. In ya rage masa, ya sa da direbanta.